MANOMIN DA YA SHIGA MAJALISA: LABARIN UFUWE BWANYI NA KWADDIBUWA

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyinmu da ke Kura da Bunkure da Garun Malam, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a taronmu. Duk sa'ad da tumatir ya yi kwantai a Kwanar Gafan, ko kuwa taki ya iso bayan shinkafa ta wuce lokacin sa mata, sai ka ji wani ya ce, "Da ma a ce muna da manomi ɗan'uwanmu a Majalisa." Maganar tana da kan gado. Amma kafin mu ɗora wa wani wannan kaya, ya kamata mu dubi inda aka taɓa gwadawa, mu ga yadda ta kaya.

Ba sai mun tsallake teku ba. A nan Afirka ta Yamma, a ƙasar Kwaddibuwa, inda fatakenmu suka daɗe suna zuwa sayen goro, an yi wani mai gonar koko da kofi wanda manoma suka ɗaga har ya zauna a majalisar ƙasarsa da kuma babbar majalisar Faransa. Sunansa Felix Houphouet-Boigny, ana faɗinsa Ufuwe Bwanyi. Farkon labarinsa abin koyi ne, ƙarshensa kuwa abin jan kunne. Za mu kawo muku duka biyun.

ASALINSA

Bisa ga takardun hukuma, an haife shi ran 18 ga Oktoba 1905 a Yamusukuro, wadda a lokacin ƙauye ce. Shi ɗan gidan sarauta ne cikin kabilar Baule. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, kana ya shiga makarantar koyon aikin likita ta Dakar, ya gama a 1925. A wannan zamani Faransawa ba su barin baƙar fata ya zama cikakken likita, saboda haka ƙaramin likita ya fito, aka riƙa yawo da shi daga wannan asibiti zuwa wancan.

A wajen 1929 aka kai shi Abenguru, ƙasar manoman koko. A can ya ga abin da ya tsaya masa a rai. Manomi yakan shekara yana wahala da gonarsa, in kaka ta yi sai kamfanonin Turawa da dillalansu su yanka masa kuɗin da suka ga dama. A 1932 ya tsaya tare da manoman da suka ƙi sayar da kokonsu, ya kuma rubuta wata takarda a jarida da sunan aro, yana cewa cutar da ake yi musu ta yi yawa. Ba a jima ba hukuma ta ɗauke shi daga wurin.

Da ƙanensa ya rasu, sai ya bar aikin asibiti a wajen 1940, ya koma gida ya karɓi sarautar gundumarsu, kamar dai hakimi a wurinmu. Ya kuma gaji gonakin gidansu, ya faɗaɗa su, har ya zama ɗaya daga cikin manyan manoma baƙar fata na ƙasar. Mu lura da wannan tun yanzu: Ufuwe ba ƙaramin manomi ba ne. Basarake ne, mai ilmi, mai dukiya.

AIKIN TILAS

Domin mu gane abin da ya kai shi Majalisa, sai mun san aikin tilas. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, hukuma takan aika wa sarki ko mai gari cewa tana son mutum kaza. Sai a kama majiya ƙarfi a tura su gyaran hanya, ko shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ko yankan katako, ko kuwa noma a gonakin Turawa masu zaman kansu, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Mutanen Mosi na ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso sun fi kowa shan wannan wuya. 'Yan'uwanmu Hausawa na Maraɗi da Damagaram ma ba su tsira ba, shi ya sa da yawansu suka tsallako iyaka suka zauna a wannan ɓangare. Mu ma a nan dattawanmu ba su manta da ɗiban mutane zuwa haƙar kuza a Jos ba, tsakanin 1942 da 1944.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu abin ya ƙara tsanani a Kwaddibuwa. Baturen da ke da gona shi ake ba leburorin tilas. Baƙar fata mai gona ba a ba shi, har ma akan ɗauke shi daga tasa gonar a kai shi ya yi wa Bature aiki, kofinsa yana zuba a ƙasa. In aka zo sayen amfanin gona, kuɗin Bature daban, na baƙar fata daban. Tallafin da gwamnati ke bayarwa kuma an tsara shi yadda kusan Turawa kaɗai za su cika sharaɗinsa.

ƘUNGIYA KAFIN KUJERA

A 1944 Ufuwe da waɗansu manyan manoma suka kafa Ƙungiyar Manoman Afirka, shi ne shugabanta. Sun yi sa'ar Gwamna mai sauƙin kai, Andre Latrille, wanda ya yarda da rajistarta. Cikin ɗan lokaci membobinta suka kai wajen 20,000.

Ƙungiyar ba ta tsaya ga kuka ba. Ta tattara amfanin gonar membobinta tana sayarwa kai tsaye ga manyan kamfanoni, ta tsallake dillalai. Kan maganar leburori kuwa, shugabanninta sun tafi arewa sun zauna da sarakuna, irin su sarkin Korogo, Gbon Kulibali, suka shirya yadda ma'aikata za su zo da son ransu, a biya su lada mai kyau ko a ba su kaso daga cikin amfanin gona. Da ma hujjar Turawa ita ce wai baƙar fata ba ya aiki sai da bulala. Da mutane suka riƙa zuwa gonakin 'yan ƙungiya da ƙafarsu, sai wannan hujja ta faɗi.

Bayan yaƙi, Faransa ta ba ƙasashen da take mulka 'yan kujeru a majalisar da za ta tsara sabon tsarin mulki a birnin Faris. A ƙarshen 1945 aka yi zaɓe. Ufuwe ba shi da jam'iyya a lokacin. Abin da yake da shi shi ne ƙungiya mai wakili a kusan kowace gunduma, da motocin ɗaukar koko, da alkawari guda ɗaya tak: zai kashe aikin tilas. Ya ci zaɓe da ƙyar, a zagaye na biyu. A wannan lokaci ne ya ƙara Bwanyi a sunansa, watau rago da harshen Baule.

DOKAR 11 GA AFRILU 1946

Bai yi wata shida a Faris ba ya cika alkawarinsa. Ya kawo shirin doka, wakilan Afirka suka mara masa baya, Majalisa ta amince, aka sa mata hannu ran 11 ga Afrilu 1946. Doka ce gajeruwa, sassa uku kacal. Ta haramta aikin tilas ɗungum a dukan ƙasashen da Faransa ke mulka, ta ce a hukunta duk wanda ya tilasta wa wani aiki, ta kuma soke dokokin baya da suka halatta abin. Har yau da sunansa ake kiranta.

Ku duba nisan da wannan doka ta yi. Manoman koko na kurmi ne suka tura wakili domin damuwarsu, amma sai ga shi manomin gero na Maraɗi, wanda bai taɓa ganin itacen koko ba, shi ma ya sami damar kwana a gidansa da damina. Ko da yake waɗansu ma'aikatan hukuma sun ɗan ci gaba da halinsu a ɓoye, ƙashin bayan abin ya riga ya karye.

A cikin watan nan na Afrilu aka kafa jam'iyyar PDCI a kan harsashin ƙungiyar manoma. A watan Oktoba kuma aka taru a Bamako aka kafa RDA, babbar jam'iyyar da ta haɗa ƙasashe da yawa, Ufuwe ne shugabanta. Jam'iyyar PPN ta Nijar, wadda Diori Hamani ya fito daga cikinta, reshenta ce.

Turawa masu gonaki ba su yafe ba. Aka cire Gwamna Latrille. Da yake wakilan RDA sun jingina da jam'iyyar Kwaminis a majalisar Faransa, sai hukuma ta sami abin fakewa. A 1949 da 1950 aka kama dubban magoya baya. A watan Disamba 1949 mata suka yi tattaki daga Abijan zuwa kurkukun Gran Basam suna neman a saki mazansu. A watan Janairu 1950 aka buɗe wa jama'a wuta a Dimbokoro, mutum fiye da goma suka mutu. Ufuwe ya auna abin, ya rabu da Kwaminis a 1950, ya zaɓi tafiya da Faransa cikin lalama.

Daga nan sai hawa. A gida ya zama shugaban majalisar dokokin Kwaddibuwa a 1953, da magajin garin Abijan a 1956. A Faris ya ci gaba da zama wakili, ya kuma riƙe muƙamin minista a gwamnatin Faransa daga 1956 zuwa 1959. Ƙasar ta sami 'yancin kai ran 7 ga Agusta 1960, ya zama shugabanta na farko. Mutanen Nijeriya suna tuna shi da wani abu dabam: a 1968 ya amince da Biyafara, kuma a ƙasarsa Ojukwu ya sami mafaka a 1970.

ZAMANIN ARZIKI

Ba za a hana shi yabonsa ba. Sa'ad da waɗansu shugabanni suka juya wa noma baya, shi ya riƙe shi da hannu biyu. Yakan kira kansa manomi. Ya ce ƙasa ta wanda ya nome ta ce, saboda haka mutane suka yi ta kwarara daga arewacin ƙasar, da Burkina Faso, da Mali, suna sare kurmi suna dasa koko. Kafin ƙarshen shekarun 1970 Kwaddibuwa ta wuce Gana, ta zama ta ɗaya a duniya wajen noman koko, kuma har yau ita ce. A farkon shekarun 1970, daidai lokacin da Gwamna Audu Baƙo yake gina madatsar Tiga a nan, shi ma ya gina madatsar Kosu a kan kogin Bandama, wadda ta tashi dubban mutane daga ƙauyukansu.

Sai dai akwai abin da ya ɓace a hanya. Ƙungiyar manoman nan ta narke cikin jam'iyya, jam'iyya ta zama ita kaɗai a ƙasa har shekara 30, ita kuma ta koma hannun mutum ɗaya. Sayen koko da kofi ya shiga ƙarƙashin wata hukumar gwamnati mai yanka farashi kowace shekara, irin Hukumar Ciniki da ta riƙa sayen gyaɗarmu kafin a rushe irinta a 1986. Manufar ita ce in kasuwar duniya ta yi kyau a ajiye rara, in ta faɗi a cika wa manomi. Amma rarar ta tafi wajen manyan gine-gine da kamfanonin gwamnati, ba kuwa wata ƙungiyar manoma mai zaman kanta da za ta ce a kawo littafi a duba. A 1983 aka mai da ƙauyensa Yamusukuro babban birnin ƙasa. A can ya gina wata majami'a da ke cikin mafi girma a duniya, ya ce da kuɗinsa ne, aka keɓe ta a 1990, a lokacin da ƙasar take fama da bashi.

RANAR BIYA

Da farashin koko ya faɗi a duniya, Ufuwe ya koma ga dabararsa ta 1932. Daga tsakiyar 1987 ya hana sayar da kokon ƙasar, yana zaton 'yan kasuwar Turai za su sassauto. Aka yi wajen shekara ɗaya da rabi. Masu saye suka juya ga waɗansu ƙasashe, koko ya taru a rumbuna, manoma da yawa suka rasa mai saye. A 1989 gwamnati ta sare kuɗin da ake biyan manomi daga sefa 400 kowane kilo zuwa sefa 200. Asusun da aka ce an tanada domin irin wannan rana babu kome a cikinsa.

A 1990 zanga-zanga ta tilasta masa yarda da jam'iyyu da yawa. Ya ci zaɓen wannan shekara, ya rasu a kan mulki ran 7 ga Disamba 1993. Maganar nan tasa kuwa ta cewa ƙasa ta mai nomanta ce, ba a taɓa mai da ita rubutacciyar doka mai fayyace haƙƙin ɗan gari da na baƙo ba. Bayan ransa rigimar gonaki ta tashi, ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka hura wutar yaƙin basasa na 2002.

Akwai kuma wani aibu tun daga tushe. Ƙungiyar 1944 ta masu hali ce. Wanda yake da hekta 2 na kofi ko hekta 3 na koko shi ne ainihin ɗan ƙungiya, hekta ɗaya kuwa wajen eka biyu da rabi ce. Leburan da ke sassabe da ɗiban koko ba su da murya a ciki. Sun huta da bulala, amma ba su sami kujera a taro ba.

MU DAWO GIDA

To, ina ruwan manomin Kadawa da wannan labari? Ruwansa da yawa, gama gonarmu ta noman rani ɗiyar hukuma ce tun daga haihuwarta. Gwamnatin Jihar Kano ta gina Tiga tsakanin 1971 da 1974. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannun Gwamnatin Tarayya. A 1978 Dokar Mallakar Ƙasa ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. A 1987 aka hana shigo da alkama, kowa ya ruga nomanta, a 1992 aka janye hanin, alkamar waje ta dawo. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, shinkafar Kura ta yi daraja, a Disamba 2020 aka fara buɗewa. Duk waɗannan a ofis aka yanke su, mu kuwa a gona muka ji a jikinmu.

Ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Babbar hanyar ruwa da ta taso daga Tiga ta bi ta Ruwan Kanya ta Hukumar Koguna ce, kuɗin gyaranta yana cikin kasafin Tarayya wanda Majalisar Wakilai da ta Dattawa suke dubawa a Abuja. Malaman gona, da rajistar ƙungiyoyin gama kai, da yawancin hanyoyin karkara, maganar jiha ce, ta Majalisar Dokokin Kano mai wakilai 40. Ga kuma wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Ruwan ɗaya ne, amma wakilanmu a rarrabe suke. Kura da Garun Malam suna tare da Madobi a kujerar Majalisar Wakilai, Bunkure kuwa tana tare da Rano da Kibiya. A Majalisar Dattawa, Kura da Garun Malam suna Kano ta Tsakiya, Bunkure tana Kano ta Kudu. In manoman waɗannan wurare ba su haɗa bakinsu ba, kowane wakili zai iya cewa maganar ta ɗan'uwansa ce.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Na farko, ƙungiya ce ta haifi wakili. Ufuwe ya yi abin kirki a 1946 domin manoma 20,000 suna tsaye a bayansa, sun san abin da suka aike shi. Ƙungiyar da ba ta iya tara kuɗin mako, ko ta fito gayyar yashe magudanar ruwa, ba ta kai aika kowa Abuja ba tukuna.

Na biyu, a tafi da buƙata ɗaya bayyananniya. Da ya tafi Faris da buƙata ashirin, da wataƙila bai dawo da ko ɗaya ba. Ku zauna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, da maƙwabtanku Musulmi da Kirista, gama hanyar ruwa ba ta tambayar addinin mai gona. Ku zaɓi abu ɗaya, ko gyaran wata ƙofar ruwa, ko hanyar fitar da kaya, ku rubuta shi, ku sa ɗan takara ya amsa a gaban jama'a.

Na uku, kada ƙungiya ta zama reshen jam'iyya. Kowane memba yana da 'yancin shiga jam'iyyar da ya so. Amma littafin ƙungiya da asusunta da taronta su tsaya daban. Wanda ya ci zaɓe daga cikinmu ya sauka daga shugabancin ƙungiya, domin a sami mai tambayarsa. Kuma a guji karɓar kyautar da za ta rufe baki, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na huɗu, a duba wane irin manomi ne. Mai eka hamsin da tarakta, da mai aron rabin eka a ƙarshen magudana inda ruwa ba ya isa, duk manoma ake kiransu, amma ciwonsu ba ɗaya ba ne. Haka kuma matan da ke turara shinkafa, da samarin da ke ƙodago a gonar tumatir. In ba su da murya a taron ƙungiya, ba za su same ta a Majalisa ba.

Na biyar, alkawarin baka ba ya gadon gona. Duk abin da aka shirya kan aro, ko jingina, ko rabon ruwa, a rubuta shi da shaidu tun ana ga maciji.

TAMBAYOYI DOMIN TARONKU NA GABA

1. Wa ke wakiltar ƙauyenku a Majalisar Dokokin Jiha, da ta Wakilai, da ta Dattawa? Yaushe rabon da ƙungiyarku ta rubuta wa ɗayansu takarda?

2. In aka ce ku faɗi buƙata ɗaya tak, wacce za ku faɗa? Manoman da ke ƙasa da ku a hanyar ruwa za su yarda da ita?

3. Su wane ne suke aiki a gonakinku amma ba su zuwa taronku? Me ya hana su?

4. Yaushe aka karanta lissafin kuɗin ƙungiyarku a gaban kowa?

Muna roƙon sakataren kowace ƙungiya ya karanta wannan labari a taro saboda waɗanda ba su iya karatu ba, ya rubuta amsoshin da aka bayar, ya kawo su taron gunduma. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani.